Yadda Abarshi Ya Yi Fasa-Ƙwaurin Fasto

A bayan tashar motocin Ƙonni ta Nijar, in mutum ya bi lungun masu faci ya wuce rijiyar unguwa, zai tarar da wani dogon ɗaki na bulo mai rufin kwano, da gicciyen katako bisa ƙofarsa. Nan ce majami'ar 'yan Baftis. Ba su da yawa. Akwai Yarbawa masu shagunan kayan mota, da malaman lakwal, wato makarantar boko, 'yan Dahome, da Hausawan ƙasar kaɗan waɗanda suka gaji addinin daga iyayensu. Maƙwabtansu duk Musulmi ne. Ana gaisawa, ana aron turmi, ran Salla a aiko musu da nama, ran Kirsimeti su rama da shinkafa.

Tun da fastonsu na farko ya tsufa ya koma garinsu, ikilisiyar ta yi shekaru babu fasto. Wani tela mai suna Abarshi, dattijo a cikinsu, shi ne ya riƙe ta. Mabuɗi yana aljihunsa, wa'azin Lahadi nasa ne, in an yi haihuwa shi ake kira, in an yi faɗa shi ke raba gardama. Har wata babbar riga fara ya ɗinka wa kansa, wadda ba ya sa ta sai zai hau mumbari.

Kowace Laraba da la'asar akan taru a yi addu'a, kuma duk garin nan babu mai roƙon Allah ya aiko musu da fasto kamar Abarshi. Yakan durƙusa, ya ɗaga hannuwa, muryarsa tana rawa.

"Ya Ubangiji, dubi tumakinka sun rasa makiyayi! Ni ba kowa ba ne, tela ne kawai. Ka aiko mana da bawanka!"

Mata sukan share hawaye su ce amin. Shekara ta bi shekara ana wannan roƙo, har Abarshi ya saba da shi kamar yadda ya saba da ƙarar kekensa, bai taɓa kawo wa ransa cewa wata rana za a amsa ba.

Sai kuwa aka amsa. Da kakar 1983 wata motar Illela ta sauke wani siririn saurayi da akwatin ƙarfe da tsohon keke. Sunansa Cindo, mutumin ƙasar Zuru ne a Najeriya, bai daɗe da gama makarantar fastoci ba. Ya baro matarsa Ladi a gida da tsohon ciki, a kan in ta haihu ta yi ƙwari zai je ya ɗauko ta.

An yi murna, an yanka akuya. Abarshi ya yi jawabin maraba, ya miƙa mabuɗi a gaban jama'a, ya koma bencin gaba ya zauna. Washegari abokinsa na ƙuruciya, Alkasum mai amalanken jaki, ya zo shagon ɗinki shan shayi kamar yadda ya saba. Musulmi ne, amma duk labarin majami'ar nan yana bakinsa, don Abarshi ba ya ɓoye masa kome.

"To, barka," in ji Alkasum. "Na ji Allah ya karɓi roƙonku. Amma mi ya sa huskarka awa ta wanda anka yi ma rasuwa?"

"Gajiyar hidima ce," Abarshi ya ce, ya ci gaba da taka keke.

Fasto Cindo bai yi wa kowa laifi ba, wannan ne ma ya fi damun Abarshi. Wa'azinsa gajere ne, kafin yara su fara kuka ya sauka. Sauran kwanakin mako yana bisa kekensa gida-gida. Akwai wata tsohuwa, Iya Hindu, wadda ta girmi kowa a ikilisiyar, mai faɗa da yawan ƙorafi, kowa na gudun zama da ita. Shi kuwa Fasto sai ya je ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, ta yi ta ba shi labarin ciwon gwiwarta da rashin kirkin surukarta, yana saurare yana ɓare mata gyaɗa.

Abu guda ne ya sa jama'a suka sunkuyar da kai. Wata Lahadi ya yi wa'azi a kan biyayya ga hukuma, ya ce duk mai bin hanyar daji da kaya don ya kauce wa duwan, wato 'yan kwastan, ɓarawo ne, ko da yana rera waƙa a sahun gaba. To, rabin masu zaune a wurin da wannan suke ci. Wani isansi, wato fetur, yake shigowa da shi a bido, irin jarkar nan, wani taya, wata sabulu da maggi. Shi kansa yadin da ke jikin Fasto, wanda zumuntar mata ta ba shi kyauta Abarshi ya ɗinka, ta dajin ya shigo. Aka ce amin a hankali. Ran Litinin kowa ya koma harkarsa, kuma ba wanda ya ji haushinsa, don an ga da gaske yake, ba habaici yake yi wa wani ba.

Abarshi dai ya sake salon addu'a. Ba a majami'a ba, a ɗakinsa da safe.

"Ya Ubangiji, wanga yaro ka ba shi baiwa mai yawa. Ƙonni ta yi mashi kaɗan. Ka buɗe mashi babbar ƙofa a wani babban gari, inda za a hi amfana da shi."

Matarsa Uwani, shugabar zumuntar mata, tana tsakar gida tana tankaɗe, tana jin kome. 

Bayan bikin Ista na 1984 Fasto ya yi sallama, ya tafi ɗauko Ladi da jaririnsu. Yana can sai gwamnatin soja ta Najeriya ta rufe iyakokinta, ta sake kuɗi. Da ya iso Illela ta Najeriya da iyalinsa, wurin da mai keke ke zuwa daga Ƙonni ya komo kafin azahar, sai ya tarar da hanya a toshe, sojoji sun gindaya ganguna. Wani ɗan'uwa Bayarabe ya ba su ɗaki suka sauka, ana cewa yau za a buɗe, gobe za a buɗe.

Rufewar nan ba ta hana kowa zirga-zirga ba. Hanyoyin daji ma sai suka fi da cika. Mutanen ikilisiya suna zuwa suna gaishe shi, suna cewa ya biyo su, ko minti nawa ne sun fid da shi. Ya ce a'a. Abin da ya hana a bisa mumbari ba zai aikata shi ba, sai ranar da hukuma ta buɗe ƙofa da hannunta.

Da labarin ya iso, Abarshi ya girgiza kai a gaban mutane, ya ce wannan jarrabawa ce babba. Da ya shiga gida ya sa aka wanke farar rigar nan aka buga ta.

Lahadin farko ya yi wa'azi har rana ta take tsaka, kwanon rufi ya ɗau zafi, jarirai suka yi kuka suka gaji suka yi barci. A da ba haka abin yake ba, in ya duba sai ya ga idanu a kansa. Yanzu kuwa mutane sun ɗanɗana gajeren wa'azi. Malaman lakwal suna duba agogo a fili. Bayan 'yan makonni bencin baya ya fara zama wayam. Ran Laraba kuma dole shi zai jagoranci roƙon Allah ya buɗe iyaka ya maido musu da fastonsu, ya kuwa yi, amma muryar ba ta rawa.

Damina ta zo ba ruwan kirki. Gero ya tsaya iya gwiwa ya fara ƙonewa. Cikin wannan hali Iya Hindu ta kwanta ciwo a tungar ɗanta, wasu 'yan bukkoki cikin gonaki kudu da gari, dab da iyaka. Aka aiko cewa jiki ya yi tsanani, ta daina cin abinci. Abarshi ya sa farar riga, shi da Uwani suka tafi.

Ya durƙusa kusa da gadon karan da take kwance, ya gyara murya, ya fara. Bai kai ko'ina ba tsohuwa ta buɗe ido.

"Abarshi."

"Na'am, Iya."

"Tun kana da baƙin gashi nike jin muryarga taka. Ta ishe ni. In kana son in tahi da daɗin rai, ka kawo mani yaron nan."

"Iya, ai an ruhe iyaka."

"An ruhe ta ga yadinka?" ta ce, ta juya fuska wajen bango.

A hanyar komawa, da suka hango gari, Uwani ta ce, "Malam, ni dai na ji da kunnena kana roƙon a buɗe mashi ƙofa wani wuri. Ga shi an ruhe mashi tamu. In tsohuwar nan ta mutu ba ta gan shi ba, ni ba zan faɗa ma kowa ba. Amma kai ka sani, ni ma na sani."

Abarshi ya so ya ce ai ba haka yake nufi ba. Ya duba fuskarta ya fasa. Ranar ko tuwo bai ci da kirki ba. Ya tuna lokacin da danginsa suka juya masa baya yana saurayi don ya zama Kirista, Hindu ce ta riƙa zuba masa abinci tare da 'ya'yanta, tana zaginsa a kan ƙazantar wuyan rigarsa. Da gari ya waye ya nufi gidan Alkasum.

Alkasum ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Na ɗauko buhu, na ɗauko ganga, na taɓa ɗauko injin niƙa. Amma limamin Kirista ban taɓa ɗaukowa ba. Shina da nauyi?"

"Ba nauyinshi ne abin ji ba. Ba shi yarda ya hau in ya san inda za mu."

"To kai da kake wa'azi, ƙarya za ka yi mashi?"

"Ba ƙarya zan yi ba," in ji Abarshi. "Zan dai rage gaskiya."

Suka bi ta gonaki da hantsi, suka shiga Illela ta bayan kasuwa. Sun tarar da Fasto zaune a ƙofar ɗaki ya rame, yana riƙe da jariri, Ladi tana wanki. Ganin Abarshi ya sa ya miƙe da sauri ya rungume shi.

"Baba! Kullum ina gode wa Allah da ya bar ka a can. Da ba don kai ba, da ban san halin da ikilisiya za ta shiga ba."

Abarshi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya yi tari, ya ce, "Fasto, Iya Hindu ce ba lahiya. Ta daina cin abinci, kai take kira. Ba ta cikin gari, tana tungar ɗanta, nan kusa cikin gonaki."

"Nan kusa? Wannan ɓangaren?"

"Daga bayan kasuwar nan, in ka miƙe, ba ka gamuwa da ganga ko soja har ka isa."

Wannan kuwa gaskiya ce tsantsa. Fasto ya shiga ɗaki ɗauko Littafinsa. Ladi ta dubi Abarshi, ta dubi amalanke, ta dubi Alkasum wanda ya ɗaga kai yana kallon sama kamar mai neman hadari. Ba ta tambayi kome ba. Ta tsame wankin da ruwansa ta cusa a bokiti, ta naɗe tabarma, ta haɗa tukwane. Fasto ya fito ya tarar ana ɗora akwati.

"Ladi, gaida marar lafiya za mu, mene ne na tukwane?"

"Ba a san yadda za a tarar da jikin ba," ta ce. "Wataƙila a kwana."

Suka kama hanya. Jaki yana tafe a hankali tsakanin gonakin gero da suka yi yaushi. Can sai ga masu moto, wato babur, sun wuce su da bido-bido ɗaure a baya, can ga raƙumi da buhuna. Duk wanda ya wuce sai ya ɗaga wa Alkasum hannu. Fasto ya girgiza kai.

"Dubi yadda mutane suke karya doka da rana tsaka. Malam Alkasum, ina iyakar take daga nan?"

"Wallahi, Fasto, ni ban taɓa ganinta da idona ba. Gonar nan ta ƙanen babana ce, waccan ta surukinshi. Jakin nan ma tun da nike da shi bai taɓa tsayawa ya nuna mani ita ba."

"Amma dai ba za mu kusance ta ba?"

"Muna nisa da ita yanzu," in ji Abarshi. Wannan ma gaskiya ce, don sun daɗe da baro ta a baya.

Da suka isa tunga Fasto ya yi tsalle ya sauka, ya sunkuya ya shiga bukka. Bai ɗaga murya ba. Ya zauna a ƙasa ya riƙe hannun tsohuwar, ya kira ta Kaka, ya ce ga jikanta ya kawo mata. Ladi ta miƙa jaririn aka ɗora mata a ƙirji. Hindu ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce kunnuwansa sun cika girma, na ubansa ya ɗebo. Fasto ya yi gajeriyar addu'a cikin sunan Yesu, waɗanda ke wurin suka ce amin, Alkasum ma daga bakin ƙofa ya shafa fuska. Aka yi shiru ana jiran abin da Allah zai yi. Sai tsohuwa ta ce ko akwai sauran fura, amma kada surukarta ta dama, don ba ta iya ba.

Ana cikin murnar ta sha, ɗan Hindu ya kama hannun Fasto da hannu biyu ya ce, "Mun gode, Fasto. Barka da dawowa Nijar."

Fasto ya tsaya cak. Ya fita waje, ya dubi hanyar da suka biyo, ya dubi arewa inda ake hango dogon ƙarfen gidan waya na Ƙonni. Ya juyo ga Abarshi.

"Baba, ka ruɗe ni."

"Na ruɗe ka, Fasto."

"Ka sa na zama abin da na yi wa'azi a kansa."

"Kai ba ka ɗauko kome ba," Alkasum ya sa baki. "Kai anka ɗauko. In akwai laihi, na mai kaya ne da mai jaki."

Fasto bai yi dariya ba. Ya ce tun da abin ya riga ya faru, ba zai kwana ba sai ya kai kansa ga hukuma. Aka yi ta ba shi baki ya ƙi. Haka suka shiga gari da la'asar, Alkasum ya sauke Ladi da tukwanenta a gidan Uwani, ya ce shi daga nan jakinsa ba ya ƙara taku ɗaya. Fasto da Abarshi suka taka da ƙafa har buron jandarma, wato ofishin jami'an tsaro.

Babban da suka tarar wani mai furfura ne, yana fifita da kwali. Ya saurari Fasto yana zayyana laifinsa dalla-dalla, ya karɓi takardunsa na zama ya duba, ya ga daidai suke.

"Ban gane ba," ya ce. "Wa ya kama ka?"

"Ba kowa. Ni na kawo kaina."

"Malam, mu ba mu ruhe kome ba. Mutanenku sunka ruhe tasu ƙofa. In ƙara za ka kai, can za ka kai ta."

"To, sai in koma in kai kaina can."

"Ta ina? Hanya a ruhe take. Sai dai ta daji, ka ga ka yi biyu ke nan." Ya miƙa masa takardunsa. "Ka tahi gida ka yi ma mutanenka addu'ar ruwa. Mu ma muna yi, ba mu ƙi ƙari ba."

Ran Lahadi majami'a ta cika har waje, don labari ya gama gari. Fasto ya tsaya a ƙasa, bai hau mumbari ba. Ya faɗi abin da ya faru bai rage kome ba. Ya ce hukuma ta sallame shi, amma ikilisiya tana da nata tsari: Baba Abarshi ya yi ruɗi, shi kuma ya ƙetare iyaka ba bisa ƙa'ida ba, kuma in zai faɗi gaskiya, tun da ya ga tukwane zuciyarsa ta raya masa wani abu, ya ƙi tambaya don yana son zuwa. Saboda haka su biyun suna ƙarƙashin horo na wata guda. Ba mai wa'azi a cikinsu, ba mai jagorar addu'a, bencin baya za su zauna.

Ya taka ya tafi can ya zauna. Abarshi ya tashi daga bencin gaba ya bi shi, jama'a suna buɗa masa hanya.

Sai aka rasa mai hawa. Malaman lakwal suka ce Hausarsu ba ta kai ba. Sauran mazan kowa ya tuna abin da ke ajiye a shagonsa, ya sunkuyar da kai. Da shirun ya yi yawa, Uwani ta gyara ɗaurin kallabi ta miƙe daga inda take, ta ɗauko waƙa. Mata suka amsa, aka kawo tulun kiɗa da caki. In waƙa ta ƙare sai ta kira sunan wani ta ce ya yi addu'a a kan abu kaza: ruwan sama, marasa lafiya, waɗanda rumbunsu ya ƙare, maƙwabta. Wasu tun da suke zuwa ba a taɓa jin muryarsu ba sai ran nan. Ta sa aka ajiye ƙwarya a bakin ƙofa, mai ɗan hatsi ya riƙa zubawa don gidajen da ba su da shi. Haka aka yi ta yi har watan ya zo ƙarshe, kuma ba a taɓa ganin majami'ar tana cika irin haka ba.

Lahadin ƙarshe ta horon, ɗan Hindu ya kawo ta a amalanke, aka zaunar da ita a gaba da sandarta. Da aka tashi, wani Bayarabe ya yi sanarwa cewa mako mai zuwa Fasto zai koma bakin aikinsa, Baba Abarshi kuma zai koma kujerar dattawa. Tsohuwa ta buga sanda a ƙasa.

"Wa ya ce? Ni ban taɓa jin daɗin sujada irin na watan ga ba. Ku ƙara masu wani watan."

Aka fashe da dariya, amma amin ɗin da ta biyo baya ta yi ƙarfi fiye da yadda wasa ke bukata. A bencin baya Fasto ya matso kusa da Abarshi, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Baba, a tsarin ikilisiya, ana iya ƙara wa mutum horo in bai sake laifi ba?"

"Ba a yi, Fasto," in ji Abarshi da sauri. "Ko kusa ba a yi."

"Ni ma haka na sani."

Suka miƙe tare, suka nufi wajen Uwani don su yi mata bayani. Tana tsakiyar mata ana rabon hatsin ƙwarya, ta ɗaga musu hannu ta ce su jira tukuna sai ta gama.